Ƙafa 1,000 na tsakuwa: yadda wani magidanci a Vermont ya zaɓi kayan gyaran hanya na tarakta

## Wurin da hanyar

Gidan yana kan tudu ne a tsakiyar jihar Vermont da ke arewa maso gabashin Amurka, tafiyar ƙasa da rabin awa a mota daga Montpelier, babban birnin jihar. Fiye da rabin hanyoyin Vermont ba su da kwalta, saboda haka tsakuwa ba baƙuwar kowa ba ce a can. Titin gari, hukumar gari ke bi da gireda. Amma hanyar da ta ɓalle daga titi ta nufi ƙofar gidan mutum, wannan tasa ce: shi zai gyara, shi zai share mata dusar ƙanƙara, in ta lalace kuma ba shi da wanda zai kai wa kuka.

Magidancin ya sayi gidan a ƙarshen 2020. Ma'aikacin ofis ne, bai taɓa hawa tarakta ba. Hanyar tsawonta ƙafa 1,000, wato mita 300 da 'yan kai, faɗinta ƙafa 12, kuma kashi uku ce, kowanne da halinsa. Kashin ƙasa, ƙafa 300 daga bakin titi, shimfiɗaɗɗe ne, yana gefen wata 'yar fadama, ƙasarsa na riƙe ruwa. Na tsakiya hawa ne mai tsawon ƙafa 350, a kowace ƙafa 100 ana ɗagawa sama ƙafa 11, ga kuma kwana a tsakiyarsa. Ragowar ƙafa 350 ɗan gangare ne marar wuya har ƙofar gida. Kwalbati ɗaya tal ke akwai, mai faɗin inci 12, a gindin hawan. Tsohon mai gidan ɗan kwangila yake kira sau ɗaya a shekara. Sabon ya buga lissafi ya ga gara ya mallaki tarakta, tunda dama yana buƙatarta wajen jan itace da ture dusar ƙanƙara.

Wadda ya saya ƙarama ce ƙirar Japan, mai ƙarfin doki 25, tayoyinta huɗu duk suna ja, da bokiti a gaba. Daga gefen tayar baya zuwa gefen ɗayar kusan ƙafa 5.

Akwai abu ɗaya game da maƙalin bayanta da ya kamata a riƙe tun yanzu. Hannu biyu ne a ƙasa da sanda ɗaya a sama, mai zare, wadda ake murɗawa ta ƙaru ko ta ragu. Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa, shi ya yi wa tsarin rajista a 1926, taraktar Ford ta 1939 kuma ta baza shi a duniya. Irinsa ne dai a bayan kowace Massey Ferguson da ke huɗa a gonakin Kano da Kaduna. Haidurolik ɗin wannan maƙali ɗagawa kawai ya iya, ba ya dannawa ƙasa. Duk ƙarfen da aka rataya masa, nauyinsa da karkatar bakinsa su ke sa ya ci ƙasa ko ya yi ta sulɓi a kanta.

## Afrilu zuwa Agusta 2021: wuƙar baya

A hunturun Vermont ƙasa kan daskare har zurfin ƙafa uku ko fiye. In Maris ya kusa ƙarewa, narkewar daga sama take farawa, ƙasan kuwa yana nan kamar dutse, ruwa ya rasa wurin nutsewa. Mutanen jihar na ƙirga wannan a matsayin yanayi na biyar a shekara, lokacin taɓo. Na farko da magidancin ya gani ya bar masa sawun taya mai zurfin inci 5 a kashin ƙasa, da ramuka sama da goma.

Abin da ya fara saya wuƙar baya ce, ta hannu, mai faɗin ƙafa 6: ƙarfe ɗaya lanƙwasasshe irin na cikin gireda, wanda ake iya karkatarwa hagu ko dama, ko a juya shi gaba ɗaya ya kalli baya. Ba ta da wani nauyi, mutum biyu na iya jan ta a ƙasa. Ita ce mafi araha, ita kuma ta fi kama da abin da yake gani a titin gari.

Ya fita da ita a ƙarshen Mayu, hanya ta bushe ƙayau, wuƙa a miƙe babu karkata, yana tafiya da ɗan sauri. Da ya waiwaya sai ya ga hanyar ta koma kamar gonar da aka yi wa kunyoyi a gicciye. Tarakta sikeli ce, tayoyin baya su ne tsakiyarsa. In tayoyin gaba suka hau tudu, wuƙar da ke rataye can baya sai ta yi ƙasa ta yagi hanya. In suka faɗa rami, sai ta ɗaga ta zubar da abin da ta kwaso. A zagaye na biyu tayoyin sababbin tuddan suke hawa, kowanne ya haifi nasa. Ya yi ta ƙoƙarin tarewa da hannun haidurolik, amma kafin ya ji motsin a kujera ya ja hannun, aikin gama ya gama.

Ramuka kuwa ya share musu sakakkiyar tsakuwa ya cike. Cikin mako uku suka dawo, a wurarensu, da girmansu. Gindin tsohon rami taurararre ne kamar turmi. Abin da aka zuba a ciki ba ya haɗuwa da shi, ruwa ya taru a ƙasa, taya ta bi ta fantsamar da garin, tsakuwar ta biyo baya.

Abu na uku bai lura da shi ba sam a lokacin. Da ya koyi karkatar da wuƙar, waje yake tura abin da ta kankaro, don ya ga tsakiya ta yi fes. Zuwa Agusta kowane gefe na hanyar ya yi 'yar ganuwa ta tsakuwa da ƙasa mai tsayin inci 3 zuwa 4, ciyawa ta fito ta rufe ta. Ya jingine wuƙar a bayan rumfa, ya ce ba ta da amfani.

## Oktoba 2021 zuwa Mayu 2022: wankakkiyar tsakuwa da manjagara

Sai ya yanke cewa tsakuwa ce ta yi ƙaranci. A Oktoba ya yi odar tifa biyu, kusan tan 40, daga wurin fasa dutse. Da aka tambaye shi wace iri, ya ce mai tsabta, mai girman kashi uku cikin huɗu na inci. Aka kawo masa wankakkiya, wadda aka tace aka raba da garinta, irin da ake zubawa a bayan gini don ruwa ya wuce. Ranar da aka baza ta hanyar ta yi kyau, kamar a ɗauki hoto.

A kan hawan sai ta zama gyaɗa a kan siminti. Babu garin da zai cike tsakanin ƙwaya da ƙwaya, don haka ba ta kamawa. Motar da ba ta ja da tayoyi huɗu sai ta tsaya tana wulwula taya tana feso tsakuwa baya. Kafin wata ya cika gargada ta fito a kwanar, daidai inda ake taka birki in ana saukowa, ake ba mota wuta in ana hawa. Wanda ya taɓa bin hanyar burji da rani ya san irinta, mai kaɗa haƙora. Tun 1963 wani masani ɗan Ostireliya, Keith Mather, ya nuna da taya mai kewaya a kan yashi cewa sakakken abu in dai taya na bin sa da ɗan gudu sai ya yi gargada, komai kyan shimfiɗar farko. Abin da ke hannun mai hanya jinkirtawa ne, da tsakuwar da ke kamawa da kuma rage gudu.

Hunturu ya ƙarasa sauran. Duk turin dusar ƙanƙara sai ya tafi da tsakuwa, da ta narke a Afrilu ga ta nan warwatse cikin ciyawar gefe.

Don wannan ya sayi manjagarar tarakta, mai faɗin ƙafa 6, da siraran haƙoran ƙarfe masu lanƙwasa. A kan ciyawa ta yi aikinta, yamma ɗaya ta kwaso mafi yawan abin da ya ɓace. A kan hanya kuwa rariya ta zama. Haƙoranta na ɗago manyan ƙwayoyi sama su bar gari a ƙasa, fuskar ta yi sumul kwana shida ko bakwai, sannan motoci su share manyan zuwa gefe, su ƙara wa 'yar ganuwar nan tsayi.

## Yuni 2022 zuwa Yuni 2023: akwati

Na uku wuƙa ce mai akwati, bari mu ce masa akwati kawai. Faɗinsa ƙafa 5, nauyinsa wajen kilo 200: bango biyu a gefe, baki biyu a ƙarshe suna jingine da juna, ɗaya na yanka in ana tafiya gaba, ɗayan in ana ja da baya, sai haƙora huɗu a gaba da ake saukarwa ko a ɗage. Bangon gefen shi ne bambancinsa da wuƙar baya. Abin da ya kankaro ba ya zubewa gefe, tafiya yake da shi har ya sami kwari ya sauke.

Asabar da Lahadi ya kwashe kafin ya gane sandar sama. In ya gajarta ta, akwatin ya duƙa, bakin da ke kallon gaba ya ciji ƙasa. In ya tsawaita, ya kwanta a kan ɗaya bakin ya riƙa shafewa. Murɗa biyu ko uku na zaren sun isa su canza aikin gaba ɗaya.

A kashin ƙasa an dace. Washegarin wani ruwa, ƙasa da danshinta, ya saukar da haƙoran inci 3, ya bi sau huɗu har ya farfasa gindin ramukan, ya ɗage haƙoran ya baje, ya yi ta bi da mota ya danne. Ramukan ba su dawo ba sai bayan taɓon 2023, su ma kaɗan.

A kan hawan ma ya bi da shi, ta tsakiya, akwati a kwance lebur. Ƙarfin doki 25 ba ya jan cikakken akwati sama a hawa irin wannan, tayoyi tono kawai suke yi, don haka kullum da gangara yake aiki. Kowane zagaye na aske ɗan doron da ya rage a tsakiya, wato tudun da ke sa ruwa ya gangara gefe, yana kuma saukar da tsakuwa ƙasa. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi 'yan sawun ruwa masu zurfin yatsa kan fito a layin taya. Minti ashirin da akwati sun goge su. Shekara guda ya yi a haka, a ganinsa magana ta ƙare.

## 10 da 11 ga Yuli 2023

Ruwan da aka tafka a Vermont a waɗannan kwanaki biyu ya kai inci 9 a wasu garuruwa. Kogin Winooski ya cika ya shiga tsakiyar Montpelier, har aka riƙa yawo da kwale-kwale a gaban shaguna.

Da yammacin ranar 10 magidancin ya sa rigar ruwa ya sauko kwanar da ƙafa. Ruwa layi biyu ya gani a sawun taya, kowanne ya kai idon sawu, yana jin ƙarar tsakuwa na gungurawa a ƙarƙashinsa. Ya taka 'yar ganuwar gefe ya leƙa lambatun da ke bayanta, ɗan ruwan da ke ciki bai kai ya rufe takalmi ba. Hanyar ce ke ɗauke da ruwan tudun, ganuwar ta hana shi fita. Ya sa dunduniya ya ɓalle wuri ɗaya, nan take layin da ke kusa ya juya ya faɗa lambatu. Amma wuri ɗaya ne cikin ƙafa 350, ga dare ya yi.

Da safe ya auna. Kwari mai tsawon ƙafa 200, zurfinsa a kwanar inci 16. Kwalbatin ya toshe da wankakkiyar tsakuwarsa, ruwa ya haye ta samansa ya ci gefen hanya. Abin da hawan ya rasa yana tule a gindinsa. Kwana biyar motar gidan ba ta sauka ba. Da bokitin gaba ya cike kwarin na wucin gadi.

## Agusta zuwa Oktoba 2023: awo, sannan sake gini

Wani dattijo maƙwabcinsa, wanda ya yi ritaya daga tuƙa giredar gari, ya zo duba ɓarnar. Bai tambayi kayan da ke rumfa ba. Ya zo da miƙaƙƙen katako mai ƙafa 6, da ma'aunin lebur irin na magina, da gutsuren itace mai kaurin inci 3. Ya ɗora kai ɗaya na katakon a tsakiyar hanya, ɗayan a gefe bisa gutsuren. In doron hanya daidai yake, ƙwayar ruwan ma'aunin a tsakiya za ta tsaya. Suka gwada wuri goma. A bakwai, ko an cire gutsuren, gefen ya fi tsakiyar tsayi. Dattijon ya ce masa shekara biyu ke nan yana gyaran magudana yana zaton hanya ce.

Inci 3 ɗin ba da ka aka faɗe shi ba. Jagorar hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka kan hanyoyin tsakuwa, wadda ta fito a 2000 aka sabunta a 2015, rabin inci ta ba kowace ƙafa daga tsakiya zuwa gefe, wato kashi 4 cikin 100. Doron kuma mai tsini ake so kamar rufin kwano, ba kifaffiyar ƙwarya ba, domin mai zagaye tsakiyarsa lebur take zama, nan ramuka ke farawa.

Aikin farko ba na tarakta ba ne. An ɗauki hayar ƙaramar katafila mai haƙa na kwana ɗaya. Ta sa kwalbati mai inci 18, wanda bakinsa ya ninka na da sau biyu da kwata, ta zurfafa lambatun hawan aka jera masa duwatsu masu girman dunƙulen hannu da fiye, ta kuma buɗe mafita biyu da ke karkatar da ruwan lambatu cikin daji kafin ya yi ƙarfi.

Sai mayar da abin da ya gangaro. Bokiti ya yi dako, akwati ya baje, rabi-rabi ake ɗauka, Asabar uku aka yi ana abu ɗaya. Haƙoran akwati suka cakuɗa ragowar wankakkiyar tsakuwar da tsohuwar ƙasar hanya, ta zama shimfiɗar ƙasa.

Daga nan dattijon ya sa aka jawo wuƙar baya daga cikin ciyawa. Ya ɗaura mata guntun ƙarfe mai nauyi don ta daina tsalle. Ya karkatar da ita wajen digiri 30, kan dama a gaba, sannan ya murɗa hannun dama na maƙalin har kan daman ya fi na hagu yin ƙasa da inci 2 zuwa 3. Aka bi gefen dama a giya ta ɗaya, gudun da bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba. Su kansu masu gireda mil 3 zuwa 5 a awa ake ce musu. Kan da ke gaba ya yanki ganuwar, abin da ya yanko ya zame a jikin wuƙar ya sauka a tsakiyar hanya. A dawowa aka yi wa ɗaya gefen haka. Saiwar ciyawa aka tsince aka zubar, don in ta ruɓe a cikin hanya rami take bari. A zagayen ƙarshe aka juya wuƙar, bayanta na shafar ƙasa, ta goge 'yan tuddan da suka rage. A kwanar ba a yi doro ba, gangare ɗaya aka ba ta zuwa ciki, wajen lambatu.

Nan wani lissafi ya fito wanda bai yi ba ranar saye. Wuƙa mai ƙafa 6 in an karkatar da ita digiri 30, ƙafa 5 da ɗan abu take sharewa, da kyar take rufe sawun taraktar; a digiri 45 kuwa ƙafa 4 da kwata. Mai ƙafa 7 ta kamata ya saya.

Na ƙarshe sabuwar tsakuwa, wannan karon tare da garinta: fasasshen dutse mai kaifi, daga ƙwaya mai kashi uku cikin huɗu na inci har zuwa lallausan gari kamar na tuwo, wanda shi kaɗai ya kai wajen kashi ɗaya cikin goma. Kaurin inci 4 a kan ƙafa 350 ya ci tifa huɗu, kusan tan 75. Kafin a baza, dattijon ya damƙi cike da hannu ya matse ya buɗe. Ta tsaya dunƙule, ba ta ɗiga ruwa, ba ta kuma wargaje ba. Ya ce a yi. Aka gyara doron da wuƙar, aka danne da rolar haya a ranar, kafin danshin ya tafi.

## Mayu 2024: mai-takalma

Taɓon 2024 ya bar sawun inci 2 a kashin ƙasa, hawan kuwa 'yar gargada kawai a kwanar. Tambayar ta canza: da me za a riƙa taɓa hanyar ba tare da an ɓata doron ba? In dattijon ba ya nan, wuƙar baya har yanzu kunyoyi take yi masa. Akwati kuma ya riga ya ga abin da yake yi wa doro.

Ya aro makankari mai takalma na kwana biyu, sannan ya sayi nasa, mai faɗin ƙafa 5, nauyi sama da kilo 200. Takalman dogayen ƙarafa ne biyu a gefe, kowanne ya haura ƙafa 4, su ke sulɓi a ƙasa. A tsakaninsu wuƙa biyu a karkace, ɗaya bayan ɗaya, bakinsu ya leƙo ƙasan takalman da rabin inci. Ana sakin hannun haidurolik har ƙasa a ƙyale shi. Tunda a kan takalmansa yake tafiya, ba a rataye ba, sikelin taraktar bai cika shafar sa ba, tsawon takalmin kuma na haye tuddan gargada da dama a lokaci guda, wuƙar ta aske kawunansu. In ka tsaya a gefe za ka ga tsakuwa na tasowa tana tumbatsa ta saman wuƙar farko, ta biyu ta sake juya ta, manya da gari a cakuɗe, ta zube inda ke da kwari.

Doka ɗaya dattijon ya ba shi, kada ya kuskura ya bi ta tsakiya. Takalmin ciki ya bi layin tsakiya, a hau ta wannan gefe a sauko ta wancan. Zagaye huɗu, minti arba'in, hanyar duka.

Abin da bai iya ba shi ma ya bayyana da wuri. Ba ya tono lambatu, ba ya jawo abin da ya fita gefe, ba ya ɗaukar tsakuwa daga nan zuwa can. Ganye da ciyawa na toshe shi. Ranar da aka gwada shi a busasshiyar hanya a ƙarshen Yuni, sulɓi kawai ya yi yana ƙara.

## 10 da 11 ga Yuli 2024

Shekara guda cif, ragowar guguwar Beryl ta sake zubar da ruwa a tsakiya da arewacin jihar. Garin Barre ya sha ambaliya, a garin Plainfield gadoji suka tafi. A hanyar magidancin abin da aka samu shi ne sawun ruwa biyu masu zurfin inci ɗaya a ƙasan kwanar, da yashi a bakin kwalbati wanda ya kwashe da shebur, da 'yan duwatsun lambatu da suka gusa. Motar ta sauka da safe. Gyaran bai kai awa biyu ba. Ruwan 2024 wani tudun ya sha fiye da wani, saboda haka ba gwaji ɗaya ba ne sak da na 2023. Amma a wannan karon lambatun ne ya cika, ba layin taya ba.

## 2025: yadda shekara ke tafiya

Mai-takalma sau biyar ko shida tsakanin Mayu da Oktoba, kullum washegarin ruwa. Wuƙar baya sau biyu, ƙarshen taɓo da kuma kafin ƙasa ta daskare, don jawo gefe da ɗaga doro. Yanzu ya iya, a hankali, katako da gutsuren inci 3 na biye. Manjagara yamma ɗaya a Afrilu, a kan ciyawa kawai, aikinta ma ya ragu tunda ya ɗaga bakin abin turin dusar ƙanƙara da inci ɗaya. Akwati mafi yawan shekara a rataye yake a baya, nauyi ne kawai in ana aiki da bokiti.

## Hukunci

A ganina kuskuren ba daga zaɓin ƙarfe ya fara ba. Daga 2021 zuwa 2023 an bar jaki ana dukan taiki: ruwa ke cin hanyar, shi kuma fuskarta yake ta shafawa. Uku daga cikin matakan da ya ɗauka da hannunsa, wato ture tsakuwa waje, da wankakkiyar tsakuwa, da aske doro, su suka share wa ɓarnar Yuli 2023 fage. Abin da ya fi kowane ƙarfe tasiri shi ne kwana ɗaya na katafila, da tifa huɗu na tsakuwar da ta dace, da katakon da bai kai kuɗin man yini ɗaya ba.

Cikin ƙarafa huɗun, wanda ya fara rainawa shi ne ba makawa sai da shi a wannan hanya. Wuƙar baya ce ke kwaso abu daga baki ta kai shi tsakiya, doro kuwa da haka ake gina shi. Aibinta biyu ne, rashin nauyi da neman gwani. Na farkon guntun ƙarfe ya magance shi, na biyun sai da aka shekara huɗu. Mai-takalma ta wata fuskar ya biya kuɗinsa. Ba ya neman gwaninta, yana da sauri har mutum ba ya jin ƙyuyar fita da shi, gyara kaɗan-kaɗan a kan lokaci kuwa shi ya hana gargada girma. Amma da a 2021 ya saye shi, magudanar ce za ta yi sumul, ruwan Yuli ya same ta yadda ya same ta. Akwati aikinsa na gaske sau biyu ne cikin shekara huɗu, farfasa ramuka da mayar da abin da ya gangaro, aro ko haya ta isa. A hanyar da ba ta da hawa, mai yawan ramuka, lissafin na iya juyewa akwatin ya zo gaba. Manjagara kuwa kayan ciyawa ce.

Kashin ƙasa har yanzu bai warke ba. Kowane Afrilu sawun inci 2 na dawowa, domin laka ce a ƙarƙashi tana haɗiye tsakuwa, kuma babu ƙarfe a rumfarsa da ke kaiwa can. Dattijon ya ba shi shawarar a yaye ƙafa 300 ɗin, a shimfiɗa ƙyallen roba da ke raba laka da tsakuwa, a ɗora manyan duwatsu kaurin inci 8, sannan mai gari a sama. Magidancin ya karɓi farashi daga 'yan kwangila biyu, ya jefa takardun cikin aljihun tebur, ya ce sai ya ga taɓon 2026.